Kawu Mai Ɗumama Daɓen Mutane

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a tsakiyar sanyin bana, a wani asibiti kusa da garin Laurel, a nan ƙasar Turawa, bayan ya yi wata biyu a kwance. Ranar Talata muka kai shi makwancinsa, iska tana yankan kunne, mutane suna ta bubbuga ƙafa a kan ƙanƙara har liman ya shafa fatiha.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidansa, maza a falo, mata a kicin. Ni aka zaunar kusa da ƙofa ina karɓar gaisuwa, domin 'ya'yansa biyu duk mata ne, ni ne namijin da ya fi kusa da shi a ƙasar nan. Duk wanda ya shigo sai ya tuɓe takalmi, ya kama hannuna, ya ce, "Ya haƙuri?" Kafin in gama amsawa ya fara ba ni labarin daɓen gidansa. Sana'ar Kawu ke nan: shimfiɗa wayar lantarki a ƙarƙashin tayil, yadda idan sanyi ya shigo daɓen zai yi ɗumi, mutum ya taka ba takalmi ba safa.

Wani malamin jami'a daga Upper Marlboro ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan da Kawu ya yi masa banɗaki, ko tayil ɗaya bai motsa ba. Wani dattijo mutumin Kumasi, mai kantin kayan miya, ya yi ta share hawaye yana cewa Alhaji ba ya cin amana. Liman kuwa ya tuna wa jama'a cewa Kawu ne ya ɗumama wurin alwalar masallaci, bai karɓi ko sisi ba, kuma duk tsohon da ya tuɓe safa a wurin da asuba bai yi rawar ɗari ba, ladan aikin yana isa kabarinsa. Sannan ya ce mu shaide shi da alheri. Falo ya ɗauka, "Mun shaida." Ni leɓena kawai na motsa.

'Yarsa ta fari, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta shigo da filas ɗin shayi. Da ta sunkuya za ta ajiye a gabana, ta tambaye ni a hankali wane ne wannan mutumin da ake ta yabo, don ita ba ta taɓa haɗuwa da shi ba.

Tambayarta ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a manta da Kawu. Amma idan aka ci gaba da yadda aka fara a falon nan, nan da shekara ɗaya an manta da shi, an ajiye wani salihin bawa a gurbinsa. Na yi shekara bakwai ina durƙuso kusa da shi a banɗakunan mutane. Abin da na gani shi zan faɗa.

Shi ya kawo ni ƙasar nan, a farkon shekarun dubu biyu. Ina da difloma ta aikin lantarki daga Kaduna, ina da shekara ashirin da takwas. Da na fito daga filin jirgi na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba, ya ce, "Miƙo hannunka." Na ɗauka musabaha zai yi da ni. Sai ya juya hannun, ya dubi tafin, ya sake shi.

"Hannun biro," ya ce. "Muje, Injiniya."

Daga ranar har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba. Injiniya nake, kuma yadda yake jan kalmar kowa ya san ba girmamawa ba ce.

Kawu magini ne tun a Zariya. Ya yi shekaru a Jidda yana jera marmara a gidajen Larabawa kafin ya ƙetaro. Gajere ne, kakkaura, da ɗan gemu da yake yi wa lalle. A tsaye yake cin abinci. Ba ya kunna hita a motar aiki komai sanyi, ya ce tana kashe jiki. Ba ya kunna rediyo, ba ya hira a hanya, sai dai ya tauna goro ya buɗe taga ya tofar. In lokacin salla ya yi, ya shimfiɗa kwalin tayil a garejin masu gida ya tayar, ko suna kallo ko ba sa kallo.

Aikin kashi biyu ne. Nawa shi ne waya. In an share daɓe an goge shi tas, sai in auna ɗakin, in zana inda bahon wanka da masai da kabad za su zauna, domin ba a bi da waya ta ƙarƙashinsu. Sannan in jera ta, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, tazarar yatsu uku tsakanin layi da layi, in maƙale ta kada ta tashi. Ba a yanke ta, ba a ɗora wani layi a kan wani. Akwai wata siririyar waya mai jin zafi da ake kwantarwa tsakanin layi biyu, ita ke gaya wa makunnin da ke bango ko daɓen ya ɗumama. Sau uku nake gwada wayar da mita: kafin in warware ta, bayan na jera ta, da bayan an rufe ta. Muna kuma da wata 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a bakin wayar yayin da ake aiki, da zarar an ji wa wayar ciwo sai ta ɗau kuka.

Kashin Kawu shi ne siminti da tayil. Ya kwaɓa, ya shafa a kan wayata da cokalin gini mai haƙora, ya ɗora tayil ya danna. Ban taɓa ganin wanda ya kai shi iya wannan ba, kuma ba zan ƙwace masa ba. Idan ya gama layi sai ya bi shi da ƙotar cokali yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a karkace. Tayil ɗin da ya yi amon kogo, ko a tsakiyar ɗaki yake, sai ya ɗaga shi. Yakan ce, "Mai gida tayil yake gani. Abin da ke ƙasa, daga ni sai Allah." A lokacin na ɗauka tsoron Allah ne yake magana.

Zagi kuwa, kamar da shi yake numfashi. Ba ashar ba, Kawu ba ya ashar. Abin da yake yi ya fi ashar ciwo. In na yi aiki ya yi kyau, sai ya yi shiru. In mai gida ya yaba jerin wayata, sai ya ce da Turancinsa na kasuwa ai shi ya nuna mini, da farko ko ƙusa ban iya bugawa ba. Wata rana a wani gida a Silver Spring na zubar da rabin bokitin siminti. Ya kira matar gidan daga sama, Baturiya, don kawai ta zo ta ga injiniyan da aka aiko masa daga Afirka.

Shekarata biyu ta farko a ɗakin ƙasa na gidansa na zauna, a nan na san Inna, matarsa. Inna tana da sanyin ƙashi. Ita ke toya waina da yin dambu duk lokacin da ake suna ko walima tsakanin Laurel da Baltimore, sai ta wuni a tsaye a kicin. Kicin ɗin a kan kankare yake kai tsaye, kuma Kawu da hannunsa ya jera masa farin tayil, ragowar wani aiki, ba komai a ƙarƙashi. In sanyi ya kankama, tsayuwa a wurin kamar tsayuwa a cikin firji ce. Inna takan saka safa biyu, ta buɗe kwalaye ta shimfiɗa, ta tsaya a kai. Da yamma ƙafafun sun kumbura, ta zauna tana mulka su da man zafi.

A gareji kuwa akwai naɗin waya uku sababbi, waɗanda aka saya ba su yi daidai da ɗakunan da aka saye su dominsu ba. Wata Juma'a muna sauke kaya na ce, "Kawu, wayar nan guda ɗaya ta isa kicin ɗin Inna. Asabar da Lahadi mun gama."

Bai ɗago ba. "Ita ta aiko ka?"

"A'a."

"To wa ya aiko ka?"

"Gani na yi ƙafarta tana kumbura."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Ƙafar matata kake kallo, Injiniya?"

Ƙofar kicin a buɗe take, Inna ta ji. Da ya fita salla ta kira ni. "Ɗan nan, kada ka ƙara," ta ce. "Kai in ka faɗa ka sauka ɗakinka. Ni ce zan kwana da maganar."

Da waɗannan naɗi ukun ya yi wurin alwalar masallaci a shekarar da ta biyo. Ni na jera su. An kira sunansa bayan sallar Juma'a, an yi masa addu'a, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Matan da suka zo gaisuwa a makon da ya wuce, a kan kwalaye suka tsaya suka dafa abincin sadakarsa.

Abin da ya raba mu ya faru ne a shekarata ta bakwai. Lokacin na yi aure, matata ta zo, an haifi 'yarmu. Na fara samun ƙananan ayyukan lantarki na kaina a gidajen Hausawa, sunana ya fara tafiya. Sai wata likita a Upper Marlboro ta kira Kawu. Mahaifiyarta za ta taso daga Kano ta zauna da ita, tsohuwa ce mai ciwon sukari, ana so a ɗumama mata banɗaki da ɗakin kwana na ƙasa kafin ta iso. Marmara aka saya, fari mai jijiyoyin toka.

Na jera wayar, na gwada, lamba ta yi daidai. Na maƙala na'urar kuka. Kawu ya fara shafa siminti, sai ya ce buhun da ya rage ba zai isa ba, in je in ƙaro. Tafiyar ba ta fi awa ɗaya ba. Da na dawo ya rufe kusan rabin banɗakin, na'urar kuma tana kan taga, batirinta a gefe.

"Kawu, me ya samu wannan?"

"Ƙara take mini a kunne ba dalili. Batirinta ne ya mutu."

Na ɗora mita. Lamba ta fito kusa da yadda take da farko. Na mai da batirin, na'urar ba ta yi kuka ba. Muka ci gaba.

Siminti yana buƙatar makonni ya bushe kafin a kunna. Da lokaci ya yi aka kunna, daɓen ya yi ɗumi, tsohuwar ta iso ta yi ta sa albarka. Kwana huɗu sai makunnin ya katse wuta, ya ƙi komawa. Ɗakin kwana yana aiki, banɗaki ya mutu.

Muka je. Likitar da mijinta suna tsaye a bakin ƙofa, tsohuwar tana zaune a gefen gado da carbi. Kawu ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa tayil biyu uku, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Hajiya Likita, tayil ɗina ga shi nan, ki duba ko akwai wanda ya motsa," ya ce. "Waya ba aikina ba ce. Yaron nan na bar wa ita don yana da takarda. Na sha gaya masa ya riƙa gwadawa, ba ya ji. Ki yi haƙuri, ɗan ƙanwata ne, ba yadda zan yi da shi."

Shekarata talatin da biyar a lokacin. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Haba ɗan nan, ka riƙa jin maganar manya."

Ni aka sa fasa marmaran. Kwana biyu ina bin layi da guduma a hankali, ina ɓamɓare siminti daga jikin waya. Rana ta biyu da la'asar na iske wurin, taku ɗaya daga bakin baho. Wayar ta rabu biyu, yanka mai kyau, irin wanda gefen cokalin gini yake yi. An murɗe bakin nan da bakin nan an haɗa, an naɗe da baƙin salatif, an shafe da siminti. Shi ya sa mita ta yarda da ita a ranar. Da wuta ta bi ta kwana huɗu, mahaɗin ya ƙone. Wanda ya yi haka ba kuskure kawai ya yi ba. Ya gani, ya tsaya, ya nemo salatif.

Daga ni sai shi a banɗakin. Na yanko guntun na ɗora a tafin hannuna na miƙa masa. Ya duba, ya ɗauka, ya saka a aljihun gaban rigarsa, ya ce, "Share wurin, mu sa sabuwa."

Likitar tana falo. Taku goma ne tsakanina da ita. Ban je ba. Yayan uwata ne, shi ya kawo ni, kuma ya san ba zan je ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau: bai ma ji tsoro ba.

Na daina zuwa aiki. Kafin mako ya zagayo ya riga ni kiran gida. Mahaifiyata ta bugo tana kuka, wai na ɓata wa yayanta suna a ƙasar mutane sannan na yi masa yaji. Na fara yi mata bayani, ta ce ba ta son ji, in dai ita ta haife ni in je in ba shi haƙuri. Na je. Na same shi a falo yana yanke farce. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri."

"Tashi, ya wuce," ya ce. "Kowa yana kuskure."

Labarin ya bi masallatai da gidajen suna. Daga Laurel har Virginia na zama wanda ya ƙona wayar gidan likita. Waɗanda suka yi mini alkawarin aiki suka daina ɗaukar waya. Na kwashe iyalina muka koma Sterling, na yi shekara uku ina tura keken marasa lafiya a filin jirgi, kafin na samu aikin jan waya a ɗaya daga cikin manyan gidajen kwamfutocin da ke yankin. A duk shekarun nan sai dai mu haɗu a sallar idi. In gaishe shi, ya ce, "Injiniya, ana tura keke?"

Akwai alheri ɗaya, kuma tunda na ce zan faɗi abin da na gani, dole in faɗe shi.

'Yarmu tana da sikila. Sanyi ne babban abokin gabarta. Mun sayi wani ɗan ƙaramin gida, banɗakinsa da ɗakin ƙasa duk tayil ne a kan kankare. A sanyin da ta cika shekara biyar sau uku muna kwanciya asibiti, tana riƙe ƙafa tana kuka har muryarta ta dushe. Inna ta biyo wata mai mota ta zo duba ta. Na ga tana kallon daɓen banɗakinmu.

Asabar da ta biyo, da hantsi, na ji tsayuwar mota. Na leƙa, sai ga Kawu yana sauke buhunan siminti a ƙofata. Bai yi sallama ba. Ya wuce ni ya shiga banɗaki, ya ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar cokali, ya yi tsaki.

"Wane jaki ne ya jera wannan?"

"Haka muka saye shi. Kawu, lafiya?"

"Kai da kake da takardar lantarki, 'yarka tana taka ƙanƙara a cikin gidanka. Ɗauko guduma."

Na so in ce ya kwashe kayansa. Matata ta tsaya a bayansa tana girgiza mini kai, yarinyar a kafaɗarta. Na ɗauko guduma.

Kwana uku muka yi. Na jera wayar, na maƙala na'urar kuka, na naɗe murfin batirinta da salatif a gabansa. Duk tayil biyar da ya ɗora sai in ce ya dakata, in sa mita. Ya gane abin da nake nufi. Sai ya zauna a kan dugadugansa ya jira, yana tauna goro, har in gama. Ko fita sayen ƙusa ban yi ba. Ya kushe gudumata, ya kushe shayin matata, ya ce gidan a karkace aka gina shi. Amma da yarinyar ta leƙo, ya ajiye cokali, ya kama ƙafarta da tafinsa mai kaushi, ya ce, "Amaryata, kin kusa daina sa safa." Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, ko da 'ya'yan cikinsa.

Da zai tafi na bi shi mota na ce na gode.

"Ba don kai na yi ba," ya ce, ya ja ƙofa.

Daɓen yana aiki har yanzu. Kwanciyar asibitin yarinyar ta ragu, ko saboda shi ko saboda girma, Allah ne ya sani. Na daɗe ina juya abin a raina. Na ce wataƙila wannan ne ban-haƙurinsa, irin na mutumin da bakinsa ba ya iya furtawa. Sai kuma in tuna ya tashi daga Laurel, ya yi tuƙin awa guda zuwa Sterling da siminti, alhali kicin ɗin matarsa yana taku biyar daga inda ya ɗauki makullin motar.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Sai da ya yi mako uku a asibiti kafin na je, shi ma don Inna ta kira ni. Na same shi ya rame, lallen gemun ya koɗe, hannun dama a kwance kamar ba nasa ba. Maganarsa tana fita da ƙyar amma ana ganewa. Inna ta fita ta bar mu.

Na gaishe shi, na yi masa ya jiki. Ya ce da sauƙi. Na ga idan ban tambaya yanzu ba, ba zan sake samun wanda zan tambaya ba.

"Kawu, wayar gidan likita. Wa ya yanke ta?"

Ya juyo da idonsa mai kyau. "Dubiya ka zo ko shari'a?"

"Duka biyun."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Da na ce ni ne, wa zai ƙara ba ni aiki? Kai kana da takarda, kana da ƙuruciya. Ni cokali kawai nake da shi."

"Shekara uku na yi ina tura keke."

"Ka mutu?"

"Mahaifiyata har yau ta ɗauka ni na yi. In na kira ta yanzu, za ka gaya mata?"

Na fito da waya na riƙe. Ya dube ta, ya dube ni, ya rufe ido.

"Gyara mini filo," ya ce.

Na gyara masa filo. Ban sake ganinsa da rai ba.

Da ya cika, liman ya kira ni ya ce ni ya kamata in yi masa wanka, shi zai tsaya ya nuna mini. Na ce a nemi wani. Ya ce babu wani. Na je.

A wani ɗaki mai farin haske aka kwantar da shi a kan teburin ƙarfe. Liman yana zuba ruwa ina cuɗawa, dama sannan hagu. Da muka zo ƙafa na ɗaga mayafin kaɗan, sai na ga gwiwoyinsa. Duk shekarun da muka yi tare ban taɓa ganinsu ba, kullum suna cikin wando. Baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri ta tsattsage kamar gwiwar raƙumi, ta hagu ta kumbura ta karkace. Shekara arba'in da wani abu yana rarrafe a kansu a ɗakunan mutane, daga Zariya zuwa Jidda zuwa nan. Hannuna ya tsaya. Liman ya ce, "Ci gaba, malam."

Na wanke su sau uku kamar yadda aka ce, a hankali, don fatar kada ta ɓare.

Da muka gama ɗaure likkafani, liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yafe masa duk abin da ke tsakaninku."

Na ce, "Malam, na wanke shi."

Ya dube ni, ya sauke hannunsa daga kafaɗata.

Iyakar inda na kai ke nan zuwa yau. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, domin yayan uwata ne kuma Musulmi ne. Allah ya jiƙansa, ya sassauta masa tambaya, ya duba waɗannan gwiwoyin. Abin da ke tsakanina da shi kuwa yana nan, ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe ba don a ji daɗin karantawa. In Allah ya ba ni iko kafin tawa ta zo, zan yi.